Yadda muke ɗaure fulogin injin kwale-kwale a garejinmu

Baƙo yakan yi mamaki idan ya shigo garejina a Ƙofar Ƙaura ya tarar da injin jirgin ruwa a rataye cikin duro cike da ruwa, tun da Katsina ba garin kogi ba ce. Gaskiya ne janareta da injin ban-ruwa sun fi yawa a aikinmu, amma masu kwale-kwale daga madatsar Jibiya da ta Zobe a Dutsin-Ma nan suke kawo injunansu, kuma ɓarnar da na fi gani a jikinsu daga wurin fulogi take farawa.

A Yauri na koyi wannan sana'a, a hannun wani dattijo da ba ya yarda yaro ya taɓa sifana sai ya daɗe yana wankin kayan inji. Ranar da ya fara ba ni fulogi in ɗaura, na zuba ƙarfina duka don in burge shi, sai na ji sifanar ta saki tana juyawa a banza. Na cinye zaren ramin da ake murza fulogin a ciki. Bai daka mini tsawa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, jikin fulogi ƙarfe ne, kan injin kuwa alminiyam ne, idan suka yi kokawa wa kake tsammani zai faɗi?" Kwana biyu na yi ina kallonsa yana dasa sabon zare a ramin da na lalata.

Saboda haka a wurinmu ba a kwance fulogi ko a ɗaura shi sai inji ya huce. Ana goge bakin ramin, a duba tazarar bakin fulogin, wadda a injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 da ke shan fulogi mai lamba NGK B7HS-10 take tsakanin milimita 0.9 da 1.0. Daga nan sai a murza shi da yatsu kawai har washarsa ta zauna a kan injin. Idan ya cije tun a zagaye na biyu ko na uku, to ya hau zare a karkace, sai a mayar da shi baya a sake. Bayan ya zauna ne sifana take shigowa. Muna da sifana mai awo, muna tsayar da ita a Nm 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, amma masunci a bakin ruwa ba shi da ita, shi ya sa nake koya musu lissafin zagaye: sabon fulogi a ƙara masa kimanin rabin zagaye domin washar ta lotse, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi, kamar kashi ɗaya cikin goma sha biyu na zagaye, saboda washarsa ta riga ta kwanta. Ba ma shafa wa zaren giris, domin santsi yakan ruɗi hannu a wuce ƙima.

Wasu don tsoron cinye zare sai su bar shi sako-sako, wannan ma ɓarna ce. Ta jikin zaren da washar ne fulogi yake miƙa wa kan inji zafinsa, idan bai zauna daram ba sai bakinsa ya yi zafi ya riƙa kunna mai kafin lokaci, har ya kai ga huda fistin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabun fulogi da suka cika kasuwa. Kwalinsu kamar na gaske, amma washar ko ta yi taurin da ba ta lotsewa, ko ta zame ta faɗi a hannu, ta yadda lissafin zagayen nan ba ya aiki a kansu. Wani mai kawo mana kaya ya taɓa cakuɗa mini su da na ƙwarai a kwali ɗaya, tun daga ranar ban sake sayen ko allura a hannunsa ba. Akwai kuma masu cusa B7ES a madadin B7HS don lambar ta yi kama, alhali zaren na farko milimita 19 ne, na biyun kuwa 12.7, dogon yana iya dukan fistin.

Duk da haka sai mutum ya zo yana ciniki, yana cewa, "Haba Malam, a bakin tasha rabin wannan kuɗin ne." Nakan ɗauko masa wani kan inji da na ajiye a ƙarƙashin tebur, wanda guntun fulogi ya karye a cikinsa, in miƙa masa ya juya shi da hannunsa. Wanda ya saya a wurinmu, da kaina nake ɗaura masa na farko a gabansa, in ba shi sifanar ya ɗaura na biyu, sannan mu tayar da injin a cikin duro kafin ya kama hanyar Jibiya.