Kanel ya ƙi tashi, amma laifin ba nasa ba ne

A makon jiya na shafe kusan awa uku ina fama da wata kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwayo a cikin ta gaske, da na kafa domin gwada wani sabon tsarin Linux, wadda duk lokacin da na tayar da ita sai ta cije, kanel, wato zuciyar tsarin, ya sanar cewa ya tsaya saboda init, shirin farko da yake tayarwa, ya mutu. Na zargi faifai, na zargi fayil ɗin da na sauke har na sake sauke shi, kafin idona ya kai ga wani layi guda a can sama, inda glibc, manhajar tushe da yawancin shirye-shiryen Linux ke dogaro da ita, ke cewa furosesar ba ta kai matakin x86-64-v2 ba.

Furosesa ba ta san komai ba sai umarnan da aka ƙera ta da su, kuma idan ta ci karo da baƙon umarni ba ta yin kintace, nan take take ɗaga ƙara, wadda lambarta 6 ce a tsarin x86. Idan ƙaramar manhaja ce ta jawo hakan, kanel ya aika mata SIGILL, saƙon da ke nufin haramtaccen umarni, ya kashe ta, sauran aiki ya ci gaba. Amma idan kanel ɗin ne da kansa ya yi tuntuɓen, ko kuwa init ne ya mutu, to babu sauran wanda zai riƙe ragama, kuma wani lokaci tun kafin allo ya nuna ko harafi ɗaya ake yin wannan faɗuwa.

A 2020 ne AMD da Intel da Red Hat da SUSE suka raba tsarin furosesa na x86-64 zuwa matakai. Mataki na biyu, wato x86-64-v2, ya ƙunshi umarnan SSE4.2 da POPCNT, waɗanda Intel ta haɗa a furosesocin Nehalem tun 2008, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da Red Hat Enterprise Linux 9 ya amince da shi a 2022. Abin takaicin shi ne furosesata tana da su duka. Ni ne na bar kwamfutar kwaikwayon a kan samfurin furosesa na gama-gari, wanda ke ɓoye sababbin umarnai, sai glibc ta yi tambaya ta hanyar CPUID, umarnin da Intel ta shigo da shi a 1993, aka ba ta amsar babu.

Wannan saɓani tsakanin abin da furosesa ke iyawa da abin da take faɗa daɗaɗɗe ne. Pentium M ta 2003 tana iya PAE, wata dabarar faɗaɗa adireshin ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba ta bayyana hakan, har sai da aka ƙara wa Linux zaɓin forcepae domin a tilasta wa kanel ya yarda. Farkon furosesocin VIA C3 kuwa akasin haka suka yi, domin sun kira kansu 'yan iyali na shida, wato i686, alhali ba su da CMOV, umarnin da ya zo da Pentium Pro a 1995, saboda haka manhajar da aka gina wa i686 ke faɗuwa a kansu.

A ganina nan ne masu neman dabara ke ruɗewa. Ana iya tsallake bincike idan ƙarfen yana da abin da ake nema, amma babu wani zaɓi da zai haifar wa Core 2 Duo da POPCNT, shi ya sa Windows 11 na 24H2 ba ya tashi a kanta ko da an kauce wa duk binciken da ake yi lokacin girkawa.

Ni dai na sauya nau'in furosesar zuwa host, zaɓin da ke nuna wa kwamfutar kwaikwayon ainihin furosesata, tsarin ya tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Sai dai yanzu kwamfutar kwaikwayon ta ɗauru da wannan ƙarfen, kuma ranar da na so mayar da ita, tana cikin aiki, kan wata na'ura mai tsohuwar furosesa, dole in fara gwada jerin umarnan da fayil ɗin /proc/cpuinfo ke nunawa a ɓangarorin biyu.