Takalmin but da lakar fadama: abin da aikin malamin gona ya koya mini

Malamin gona a Kebbi ya fi kashe takalmi a kan riga. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, zirga-zirgarmu a fadamun Argungu, Augie da Suru ta ƙaru, rani da damina. In cikin ruwa za a shiga tsundum, na roba ake sawa. Amma hawan babur, ratsa ƙaya da tsoron maciji, sai but na fata, ga shi da tsada.

Yawancinmu ruwa muke ɗora wa laifi idan takalmi ya mutu. Ruwa yana da nasa, amma babbar ɓarnar wajen busarwa take. Fata ko an jeme ta akwai maiƙo a cikinta, shi ke sa ta lanƙwasa ba ta karye ba. Laka idan ta bushe a jikin takalmi sai ta tsotse wannan maiƙon. Mutum ya dawo a gajiye, ya cilla takalmin kan kwanon ɗaki ko ya jingina shi gefen murhu don ya bushe da wuri, alhali zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40. Fata ta takure, ta yi tauri, gam ɗin tafin ya saki. Hunturu ya zo ya ƙarasa aikin: tsagewa ta fara daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, kamar faso a dunduniyar wanda ba ya shafa mai. Faso dai yakan warke, ita kuwa wannan ta tsagu ke nan.

Wajen wani dattijon baduku a bakin kasuwa na ga yadda ake yi. Sai ya zare igiyar gaba ɗaya, ya jawo harshen takalmin waje, ya bi ɗinkin da ya haɗa fata da tafi da tsohon buroshin haƙori, domin nan yashi ke maƙalewa yana cin zare. Ya goge da tsumma mai ɗan danshi, ya cusa tsohuwar jarida a ciki, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Sai ya bushe sarai sannan ya lakato man kaɗanya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya murza a yatsu har ya narke, ya bi lungu-lungu, ya daɗe a wurin lanƙwasar nan. Na ce, "Baba, ba za a ƙara ba?" Ya ce, "A'a Malam, in ka cika mata sai ta saki jiki, ta yi ta kwasar ƙura." Washegari ya share abin da fatar ba ta sha ba, sannan ya ɗauko Kiwi, man goge takalmi.

Wannan jerin shi ne abin da na fi riƙewa. Man goge takalmi kaki ne, irin na kyandir, haɗe da launi, a sama yake tsayawa. Yana kare fata daga yayyafi, yana sa ƙyalli, amma ba ya ciyar da ita. Raina yakan ɓaci in na ga sabon ma'aikaci yana lafta shi kullum a kan ƙura, takalmi na walƙiya, ƙarƙashi kuwa ya bushe ƙamas.

Fata ma iri-iri ce. Wadda majema suka jeme da bagaruwa, irin ta jan akuyar Sakkwato, tana shan mai nan da nan, launinta ya yi duhu. But na kamfani yawanci fatar saniya ce da aka jeme da sinadarin kuromiyam, sau da yawa da wani shafe a kanta, saboda haka kaɗan take karɓa. Mai laushin nan kamar karan-miski kuwa ba a sa mata mai, buroshi ya ishe ta. A fara gwada man a jikin harshen takalmin, inda ido ba ya kaiwa. Baƙin mai da kananzir, waɗanda wasu ke shafawa wai don tare ruwa, lalata fata suke yi. Man gyaɗa kuma yakan yi wari, ya gayyato ɓera.

Da damina matsalar juyewa take. Takalmin da aka ƙulle a leda da danshinsa hunhuna zai yi. Gumi ma yana ci ta ciki, shi ya sa nake cire shimfiɗar ciki da dare, na kuma yi ƙoƙari na mallaki biyu, ina ba ɗaya hutu. Da safe a zazzage kafin a zura ƙafa, kunama tana son irin wannan wuri.

Ranar da tafi ya fara buɗe baki, ranar nake kai shi wurin Baba ya ɗinke. In aka bari yashi da ruwa suka shiga tsakani, gefen fatar ruɓewa yake yi, allura ta rasa inda za ta kama.