Kowa numfashinsa 20?

Daren jiya ina kallon wata sabuwar nas tana zagayen awo, ta ɗaura wa mara lafiya na'urar awon jini ta kwafe lambobi, da ta zo gurbin numfashi ko ƙirjinsa ba ta kalla ba ta rubuta 20. Gado na gaba ma 20. Na buɗe baki zan yi faɗa sai kunya ta kama ni, don ni ma na daɗe ina wannan aika-aikar.

Ina sabuwar shiga aka bar min wani saurayi da aka yi wa tiyatar ciki da rana. Cikin dare ya fara juye-juye, sista ƙishirwa, sista ruwa. Na auna jininsa 110 bisa 70 na ce lafiya lau zafin ɗinki ne, na yi masa allurar rage ciwo na wuce. Bugun zuciyarsa ya haura 110, na gani da idona, na ce ai ciwo ne ke sa haka. Numfashi kuwa 20 na rubuta ban ƙirga ba. Ashe jini ke zuba a cikinsa. Matashi mai ƙarfi jikinsa na iya matse jijiyoyi ya riƙe awon jini daidai har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, kafin awon ya faɗi tuni numfashi da bugu sun daɗe da hawa. Hannunsa sanyi ƙalau ga gumi, jakar fitsari kusan wayam, duk suna gabana.

To amma ku ma ku duba, ni kaɗai ce a ɗakin, gadaje cike, ga likitan da ke kan kira ya riga ya daka min tsawa a kan na tashe shi a banza, wa zai so ya sake sha? Haka nake lallashin kaina har yau. Sai dai ƙirga numfashi minti ɗaya ne tak, ba na iya cewa ban samu minti ɗaya ba. An koma da shi tiyata da asuba aka yi masa ƙarin jini, Allah ya sa da sauran kwanansa, ba don iyawata ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ku sababbin nas, amma anya ma kuna karantawa? Ido na kan waya, hannu na kan fayil, mara lafiya kuwa ko oho.

Ku ƙirga numfashi, cikakken minti, kada ku bari ya gane kuna ƙirgawa don zai canza shi. Numfashin babban mutum 12 zuwa 20 ne a minti. A ma'aunin NEWS, mai ba da maki don gane mara lafiyar da jikinsa ke tsananta, da likitocin Ingila suka fitar a 2012, numfashi 25 kaɗai maki uku ne, mafi girma a wannan gurbin. Kuma ku kalli awon ɗazu da na yanzu tare, bugun zuciya 88 da ya koma 100 ya koma 112 labari ne.

In zuciyarku ta ce wannan mutumin ba daidai yake ba, ku kira likita ko zai zage ku. Kodayake kada ku cika yarda da zuciyar ma, tawa ce ta ce min ciwo ne kawai. Ku kira dai, amma da lambobi a hannu, ba "dokta jikinsa wani iri" ba, ku rubuta lokacin da kuka kira da abin da ya ce.