Asabar ɗin da Ke Tsakanin Gicciye da Tashi

A majami'unmu na ƙasar Zuru mun san yadda ake kiyaye Juma'ar da aka gicciye Yesu Almasihu, mun kuma san yadda ake murnar Lahadin tashinsa daga matattu, amma Asabar ɗin da ke tsakaninsu mun bar wa kasuwa da tela. Mata suna neman shinkafa da kaji, mawaƙa suna maimaita waƙoƙin gobe, yara suna zaryar karɓo ɗinki. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai ina ganin muna sakaci da ranar da mutanenmu suke da matuƙar bukatarta.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi abu mai yawa game da ita ba. Da yammacin Juma'a Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi Bilatus gawar Yesu, shi da Nikodimu suka naɗe ta a likkafani tare da kayan ƙanshi, suka sa ta a sabon kabari. Luka ya ce matan da suka biyo shi daga Galili sun ga inda aka ajiye shi, suka koma suka shirya man ƙanshi, sa'an nan suka huta ranar Asabar bisa ga umarnin Shari'a. Matiyu ne ya ƙara wani abu mai sosa rai: manyan firistoci da Farisiyawa su ne suka tuna ya ce zai tashi bayan kwana uku, har suka nemi a sa masu tsaro, a kuma buga wa dutsen da aka rufe kabarin da shi hatimi. Maƙiyansa sun riƙe maganar, almajiransa kuwa baƙin ciki ya rufe musu ita. Bitrus yana fama da nauyin musun sanin Yesu da ya yi har sau uku, kuma ko a ranar Lahadin ma, biyun nan da suka kama hanyar Imuwasu cewa suka yi dā sun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila, wato sun riga sun fid da rai.

Mu da muke karanta labarin mun san ƙarshensa, shi ya sa muke tsallake wannan rana da sauri. Amma akwai mutane a cikinmu da ba su san ƙarshen nasu labarin ba. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, kuma wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Iyayen nan, Musulmi da Kirista, sun san irin jiran da nake magana a kansa. Haka ma mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da suka bar gonakinsu suka raɓu a gidajen 'yan'uwa. Uwar da ɗanta yake daji ba ta da gawar da za ta yi wa zaman makoki, ba ta kuma da labarin da za ta yi guɗa a kansa, ga shi ran Lahadi muna so ta miƙe ta yi rawa tare da mu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wani lokaci muke ce wa mai makoki ya share hawaye, wai mai bi ba ya baƙin ciki. Manzo Bulus bai faɗi haka ba. Abin da ya rubuta wa Tasalonikawa shi ne kada su yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Yesu kansa ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar. Zabura ta 88 kuka ce daga farkonta har ƙarshenta, ta kuma ƙare da maganar duhu, duk da haka tana cikin addu'o'in da Allah ya bar wa jama'arsa. 'Yan'uwanmu Katolika sun riƙe wannan sosai, domin ba sa yin Mas, wato babbar sujadarsu, da ranar Asabar ɗin, suna barin bagade babu ado, sai dare ya yi su hura wuta a waje su kunna kyandir ɗin Ista. Al'adarmu ta gida ma ta san haka, tun da mai zuwa ta'aziyya yakan zauna a tabarma, ya ce "sannu da haƙuri", ya yi shiru.

Begen Kirista yana tsaye ne a kan alkawarin Allah, ko da zuciyar mai shi ta gaji. Ista yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar bazara a wurinmu, lokacin da manomi yake sharar gona cikin zafin rana ba tare da ya ga ko alamar hadari ba. Irin wannan aminci matan nan da suka biyo Yesu daga Galili suka nuna. Kayan ƙanshin da suka ɗauka na shafa wa gawa ne, suna tafiya da asuba suna tambayar juna wa zai gangarar musu da dutsen, amma ƙauna ta hana su zama a gida, kuma su ne suka fara jin cewa ya tashi.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikilisiya shi ne a buɗe majami'a ko da awa ɗaya ce da yammacin wannan Asabar, ba ganga, ba dogon wa'azi. A karanta Zabura ta 88 da sura ta 3 ta Makoki, a ambaci sunayen waɗanda muka binne a shekarar da na waɗanda har yanzu suke hannun 'yan bindiga, a bar masu kuka su yi kuka. Zumuntar mata kuma, idan sun sauke girkin biki, su fara kai kwano gidajen gwauraye da na waɗanda suka yi gudun hijira kafin su zuba wa kowa.