Dalilin da Ya Sa Ba Zan Goyi Bayan Sanatanmu Ba

Daren jiya bayan sallar Isha'i, mun zauna da 'yan garinmu a nan Jidda, muka tattauna batun sanatan mazaɓarmu da yake neman komawa majalisa, kuma na faɗa wa dattawanmu cewa ba zan mara masa baya ba.

Makarantar firamaren da na yi har yanzu azuzuwanta babu rufi, yara suna zaune a ƙasa, alhali dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta tanadar wa kowane yaro karatu kyauta na shekara 9. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan ƙanwata, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama a damina: an kai shi asibitin garinmu, babu magani, babu ma'aikaci da dare, sai da na aika kuɗi daga nan aka wuce da shi birni. Alhamdulillah, ya warke.

Doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'a daga Saudiyya ba, don haka zan riƙa kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonsu su karɓi katin zaɓe, su tambayi sanatan inda kuɗin ayyukan mazaɓa suka tafi.