Makunnin kumburi da na yi zaton kashe shi zai wadatar

Ranar da na fara ɗiga sinadarin TNF, wanda jiki ke fitarwa don tayar da kumburi, a kan ƙwayoyin halitta a cikin faranti, na koma na leƙa madubin hangen ƙwayoyi bayan rabin awa. Koren launin da muka shafa wa furotin NF-kB, makunnin kumburi, ya tashi daga gefe ya taru a cibiyar ƙwaya, inda bayanan gado suke. Da ya shiga nan sai ya fara ba da umarni: kar ki mutu, ki hayayyafa, ki kira fararen ƙwayoyin jini. Ga mai rauni wannan alheri ne. Matsalar ita ce idan umarnin ya ƙi tsayawa shekara da shekaru, kamar yadda ciwon hanta na B da C ke yi wa hanta, ko ƙwayar cutar H. pylori ke yi wa tumbi. A nan ciwon daji ke samun gindin zama. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya ga fararen ƙwayoyi cunkushe a cikin ƙari, ya zargi kumburi.

Ni kuwa sai na yanke hukunci da wuri: a kashe makunnin kawai, shi ke nan. Har ina da hujja, domin a 2004 ɗakin binciken masanin kimiyya Michael Karin ya cire IKK-beta, furotin mai kunna NF-kB, daga ƙwayoyin hanjin ɓeraye, ƙari ya ragu ƙwarai.

Malamata ce ta ajiye mini aikin da wannan ɗakin ya fitar a 2005, ba ta ce komai ba. Sun cire IKK-beta ɗin daga ƙwayoyin hantar ɓeraye, sai daji ya ƙaru. Ashe ƙwayoyin da aka raba da garkuwarsu mutuwa suke yi, maƙwabtansu kuma su yi ta rarrabuwa don cike gurbi, ga sinadarin kumburi IL-6 yana ƙara zuga su. Na karanta sau uku kafin na yarda.

Haka maganin canakinumab, mai rage kumburi, ya yi mana ɗanɗanon zuma. A gwajin CANTOS na 2017, an ba masu ciwon zuciya shi, aka ga dajin huhu ya ragu a cikinsu. Da aka gwada shi a kan waɗanda dajin ya riga ya kama, bai tsinana abin da aka sa rai ba.

Yanzu kafin na ɗiga wani magani a faranti, nakan rubuta a gefen littafina: wace ƙwaya, a wace gaɓa, a wane mataki na cutar.