Kafin ka ɗora wa gilashin kyamara laifi

Ƙannena masu ɗaukar hoto a Garwa da Marwa, da yawa cikin waɗanda muka riga ku shiga sana'ar nan mun zubar da kuɗi wajen sauya gilashi don hoto yana fita dishi-dishi, alhali gilashin lafiyarsa ƙalau. In hoto ya ƙi fita tar, buɗe shi a kwamfuta, ka ƙara girmansa zuwa kashi 100, ka ga wane irin dishi ne. Ɗan allon bayan kyamara ɓoye aibi yake yi.

Idan komai ya ja layi gefe guda, har bango da kujeru, hannunka ne ya motsa. Dubi tsawon gilashinka, wato lambar mm da ke jikinsa, ka ninka shi da 1.6 in Canon 600D ce da ire-irenta, ko da 1.5 in irin su Nikon D3200 ce, kada saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ya gaza 1 bisa abin da ka samu. A 55mm kana buƙatar 1/100, a 200mm kuwa 1/320. Manna gwiwar hannunka da haƙarƙari, ka latsa a hankali.

In kuwa bango ya fito garau amma mutum ya shafe, shi ne ya motsa, kuma IS na Canon ko VR na Nikon, masu hana rawar hoto a cikin gilashi, ba su da maganin wannan, rawar hannunka kaɗai suke ragewa. Mai tafiya 1/250, masu rawa a gidan biki 1/500, dawakin da ke sukuwa a ƙofar Lamiɗo ranar Sallah 1/1000 ko sama. Don ka zaɓi saurin shota da kanka, juya zuwa Tv a Canon, S a Nikon. Haske ya yi kaɗan? Ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ba tare da fargaba ba. Mai biki zai karɓi hoto mai ɗan tsaki-tsaki, amma ba zai biya kuɗin fuskar da ta shafe ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne ka ga labulen bayan amarya ya fito zare-zare, fuskarta kuwa laushi. Nan ka bar wa kyamara zaɓi ne, ita kuma abin da ya fi kusa ko ya fi zane take kamawa. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. A tsarin saitin, zaɓi One Shot ko AF-S ga wanda ke tsaye, AI Servo ko AF-C ga mai tahowa. Masu sabon 50mm suna son barinsa a f/1.8, wato ƙofar haske a wangale, kullum don bayan hoto ya narke, amma daga nisan mita biyu abin da zai fito tar bai fi santimita 11 ba. Dangi sahu biyu ko uku, koma f/5.6 zuwa f/8. Kada kuma ka zarce zuwa f/22, ƙofar haske in ta tsuke da yawa hoton gaba ɗaya yakan yi laushi.

Sai abin da yanayinmu ke jawowa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi, yaro ya sa bakin riga ya goge, yashi ya kankare rufin gilashin har abada. Fara hurawa da ɗan famfon roba, sannan ka goge da ƙyallen tabarau mai tsabta. Shatin yatsa mai maiƙo shi ke sa hoto hazo-hazo in an fuskanci fitila, haka ma filta mai arha. A Maris da Afrilu, in zafi ya haura 40, iskar da ke tashi daga ƙasa tana murɗa duk abin da ke nesa. Ɗauko wancan ƙetaren Binuwai da tsakar rana da dogon gilashi ɓata lokaci ne, bari sai da sassafe. 'Yan Ngaundare kuma su kula da funfuna da damina, kada kyamara ta kwana a jaka mai laima.

Har yanzu kana zargin gilashin? Manna jarida a bango, kafa kyamara a kan mai ƙafa uku tana kallonta sosai, kashe IS, sa f/8 da ISO 100, ka ɗauka da jinkirin daƙiƙa biyu: sau ɗaya ta madubin leƙawa, sau ɗaya ta allo. In na allo ya fito tar, ɗayan bai fito ba, saitin kyamarar ne ya goce, ta je wurin mai gyara. In gefe guda ne kullum ke dishi, wataƙila abin da ke cikin gilashin ne ya karkace. In duka biyun sun fito garau, kayanka ba su da laifi, kuma in za ka tura wa mai biki ta WhatsApp, tura a matsayin fayil don kada manhajar ta matse hoton.